Baƙuwar da ta ƙi cin abinci a birnin Liyon

Masu iya magana sun ce alkawari kaya ne. Wani mutumin ƙasar Tasawa, wanda ya tafi Faransa neman ilimi tun yana saurayi, zama ya kama shi a birnin Liyon har ya yi aure ya hayayyafa, ya ga gaskiyar wannan magana a cikin gidansa. Ɗansa na fari, yaro mai shekara 15, marar yawan magana, yana shirin jarrabawar burebe, wadda ake kira BEPC a Nijar, sai uban ya ce masa idan ya ci, duk abin da ya roƙa za a saya masa, muddin bai fi ƙarfin aljihu ba. A zaton uban, keke ne ko sabuwar salula. Yaro ya ci jarrabawa, kuma ranar da sakamako ya fito, ya zauna gaban ubansa ya ce shi maciji yake so.

Uwar yaron, ƴar Maraɗi, ta yi salati ta tashi daga wurin. Ita ko sunan abin ba ta faɗi da dare, sai dai ta ce igiyar ƙasa, kamar yadda ta ji iyayenta na cewa. Uban kuwa shiru ya yi, domin maganar ta taɓa masa tsohon miki. Yana ɗan lakwal lokacin da kububuwa ta sari wansa a gona, ana tsakiyar girbin gero. Aka ɗora shi a amalanke aka nufi likita, jini na fita ta dasashinsa, amma kwana ya ƙare kafin a samu magani. Tun daga ranar, a wurinsa maciji ba shi da hukunci sai sanda. To, ga shi ɗan da ya haifa, wanda bai taɓa roƙonsa wani abin kirki ba, ya roƙi a shigo da maciji ɗakin kwana.

Yaron ya yi bayani dalla-dalla, abin da bai saba yi ba. Ya ce wannan wata ƙaramar mesa ce, ba ta da dafi, ba ta kai girman mesar da ake ba da labarin tana haɗiye akuya ba. Faransawa na ce mata python royal, masana kimiyya kuma Python regius. Idan ta gama girma, tsawonta bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba. Idan ta ji tsoro, maimakon ta kai sara, sai ta dunƙule kamar ƙwallo ta cusa kanta a tsakiya, shi ya sa a Amurka ake danganta sunanta da ƙwallo. Daga ƙarshe ya ƙara da maganar da ta tsaya wa uban a rai:

"Baba, ai daga wajenku take. Asalinta Afirka ta Yamma."

Hakika kuwa haka ne. Wannan mesa tana zaune a filayen ciyawa da bakin kurmi tun daga Senegal har Yuganda, kuma ta fi yawa a Gana, Togo, Benin da Nijeriya. Fataken Maraɗi da Damagaram da suka yi shekaru suna bin hanyar Gaya, Malanbil da Paraku zuwa Kwatano, wasunsu sun ji labarin ɗakin tsafin mesa na garin Wida, wanda ke fuskantar babban cocin garin, inda ake girmama wannan dabba, ba a kashe ta. Haka ma a wasu yankunan ƙasar Ibo. A Turai da Amurka kuwa ta zama ɗaya daga cikin macizan da aka fi ajiyewa a gida don sha'awa, kamar yadda wani ke ajiye aku ko tantabara.

Uban ya cika alkawari. A watan Satumba suka je wani butiki na sayar da dabbobi, suka sayi ƴar mesa mai wata uku, tsawonta bai fi kamu ɗaya ba, nauyinta giram 95. Kuɗinta yuro 80, wato wajen jaka 52 na sefa, aka haɗa musu da takardar da ke nuna cewa a Faransa aka ƙyanƙyashe ta. Mai butikin ya sayar musu da babban akwatin gilashi, da fitila mai haske, da wani kogon roba guda ɗaya mai faɗi, da ɓeraye ƙanana daskararru cikin leda. Kuɗin kayan ya ninka na dabbar. Uwar gida ta kafa sharaɗi biyu: ledar ɓeraye ba za ta shiga firigonta ba, kuma ƙofar ɗakin yaron za ta kasance a rufe. Aka sayi wani ɗan firigo na hannu aka ajiye a ɗakin.

Daren farko yaron ya narkar da ɓera ya miƙa mata. Ta dunƙule. Washegari ya sake, ta sake dunƙulewa. Ya yi ta yi mata tayi kusan kullum, yana fito da ita yana ɗora ta a wuyansa don ta saba da shi, abokansa na lakwal suna zuwa kallo suna ɗaukar hoto. Sati ɗaya ya wuce, biyu suka wuce, har shida, baƙuwa ba ta sa komai a bakinta ba sai ruwa. Fatarta ta fara tattarewa a gefe, ƙashin bayanta ya fara fitowa kamar kunyar gona. Da suka ɗora ta a ma'aunin kicin, sai ya nuna giram 84.

Uwar ta ce a mai da ta inda aka sayo ta, tun ba ta mutu a gidan mutane ba. Uban bai ce komai ba, amma a zuciyarsa yana ganin watakila haka ya fi sauƙi: ta mutu, a huta, shi kuma ya riga ya cika alkawarinsa. Sai wani dare ya tashi shan ruwa, ya ga haske ta ƙarƙashin ƙofar yaron. Ya tura, ya iske shi zaune a ƙasa gaban akwati, ya haɗa kai da gwiwa. A cikin gilashin, ƴar mesar tana ta kai da kawowa, tana goga hancinta a bango, tana miƙewa sama tana faɗowa. Yaron bai ɗago kai ba, ya ce:

"Baba, ni ne nake kashe ta, kuma ban san abin da nake yi ba daidai ba."

Uban ya tsaya tsaye a bakin ƙofa, bai iya matsawa kusa ba. Amma ya san cewa dabbar da mutum ya tsare, ya hana ta neman abincinta da kanta, haƙƙinta yana wuyansa, ko da maciji ce. Kuma da kuɗinsa aka tsare ta. Da gari ya waye ya nemi izini a wurin aiki, suka sa ta a jakar ƙyalle cikin kwali, da kwalbar ruwan ɗumi a gefe saboda sanyin Nuwamba, suka nufi wata lokotoron dabbobi da ta ƙware a kan masu jan ciki. A Liyon irin waɗannan ba su da wuyar samu, tun da a garin ne aka kafa makarantar likitancin dabbobi ta farko a duniya, a shekarar 1761.

Lokotoron ta buɗe bakin mesar ta duba ko akwai ruɓa ko majina, ta saurari numfashinta ko yana fito, ta bincika ƙarƙashin haɓa da gefen idanu ko akwai ƙananan kaska baƙaƙe masu shan jini, ta shafa cikinta tun daga wuya har wutsiya. Ta ce ba ta ga ciwo ba. Daga nan ta ajiye dabbar, ta juya ga yaron da tambayoyi, kuma duk tambayoyin a kan ɗaki suke, ba a kan abinci ba. Digiri nawa ne a gefen ɗumi? Nawa a gefen sanyi? Laima nawa ce a iska? Maɓoya nawa ce, kuma yaya girmanta? Sau nawa ake taɓa ta? A wane lokaci ake miƙa mata ɓera? Yaron ya amsa abin da ya sani, sauran ya yi shiru.

Bayanin da ta yi musu ga shi a taƙaice. Jikin maciji ba ya ɗumama kansa kamar na mutum ko akuya. Zafin da zai narkar da abinci daga waje yake aro shi. Idan wuri ya yi sanyi, abincin da ya haɗiye zai ruɓe a cikinsa kafin ya narke, saboda haka gara masa ya ƙi ci. Wannan mesa tana bukatar gefe ɗaya na ɗakinta ya kai digiri 31 zuwa 33, ɗaya gefen ya tsaya wajen 25 zuwa 27, domin ta riƙa zaɓa da kanta, kuma da dare kada ya sauka ƙasa da 24. Laimar iska ta kasance wajen kashi 60 cikin 100, a ƙara idan za ta yi saɓa. Sannan abu mafi girma: maciji da ya haɗiye ɓera ya yi nauyi, ba ya iya gudu, ba ya iya kare kansa na kwanaki. Ƴar mesa mai giram 90 a daji abincin shaho ce da tunku. Idan ba ta da wurin da za ta matse jikinta, bango ya taɓa ta ta ko'ina, ba za ta yarda ta ɗauki wannan kasada ba. Babban akwatin gilashi, buɗe ta kowane gefe, ga fitila a sama, ga hannu na saukowa kullum kamar farcen shaho, a wurinta fili ne fetal da tsakar rana.

Tana cikin magana, uban ya daina ganin ɗakin lokotoro. Ya tuna lokacin da suke yara a ƙauye, idan an gama kaka, hunturu ya kama, suna fita da karnuka da galma suna haƙar gafiya a tsohon suri. A waje iska busasshiya ce, leɓe na tsagewa, ƙafa na faso. Amma da zarar an fasa suri aka sa hannu, sai a ji wani ɗumi mai danshi ya fito, kamar numfashin tukunya. Manya suna hana su zura hannu can ciki, domin a irin wannan wuri macizai ke kwanciya. Ya tambayi lokotoron ko a nan wannan mesa ke zama. Ta ce ƙwarai kuwa: a tsofaffin surai da ramukan ɓeraye take wuni, tana fitowa da magariba, kuma a can take yin ƙwai. Uban ya juya ga ɗansa, ya yi masa magana da Hausa, harshen da yaron ke ji amma bai cika mai da amsa da shi ba:

"Kai yaro, ashe rami za mu gina mata. Rami kuwa na san shi."

Da suka koma gida suka auna komai. Gefen ɗumin bai wuce digiri 27 ba da rana, da dare kuma idan an kashe fitila yana sauka har 20. Laima kashi 35 cikin 100, saboda na'urar ɗumama gida tana busar da iska tamkar hunturun Tawa. Suka ajiye babban akwatin a gefe sai ta girma, suka sayi ƙaramin akwatin roba mai murfi mai kullewa, suka huda masa ƴan ramuka don iska. Suka sa shimfiɗar ɗumi mai aiki da kuran a ƙarƙashin kashi ɗaya cikin uku na akwatin, suka haɗa ta da tarmosta, wato na'urar da ke yanke wuta idan zafi ya kai inda aka tsayar. Lokotoron ta ja musu kunne a kan wannan: maciji na iya kwanciya a kan abu mai zafi har cikinsa ya ƙone bai tashi ba. Suka shimfiɗa ɓawon kwakwa da aka niƙa, mai riƙe danshi, suka guji garin katakon sida, wanda mansa ke cutar da numfashin masu jan ciki. Suka sa kwanon ruwa mai nauyi da ba zai kife ba.

Maɓoya kuwa uban ne ya yi ta da hannunsa. Ya ɗauki ƙananan kaskon fure guda biyu na yumɓu, ya fasa wa kowane ƙofa a gefe, ya goge kaifin da dutse, ya kife ɗaya a gefen ɗumi, ɗaya a gefen sanyi, don kada dabbar ta zaɓi tsakanin ɓuya da ɗumi. Yaron ya ce sun yi ƙanƙanta. Uban ya ce ai ramin ɓera bai fi haka ba. Tsakanin kaskon biyu suka cika da ganyen roba da ɓawon itace, yadda za ta ratsa daga wannan zuwa wancan ba a gan ta ba. Suka lulluɓe gefe uku da baƙin ƙyalle. Aka sa ta ciki, kafin a ƙirga goma ta shige kaskon ɗumi, ko wutsiya ba a gani.

Daga nan sai abu mafi wuya ga yaro mai shekara 15: a ƙyale ta. Kwana bakwai ba taɓawa, ba ɗaga kasko, ba tayi, sai canjin ruwa da duba ma'auni. Lokotoron ta ce yawan tayi shi kansa yana hana ci, domin kowane ɓeran da aka kaɗa mata a fuska tana cikin tsoro yana koya mata cewa ɓera abin tsoro ne. Uban ya kafa doka, abokai suka daina zuwa. Kai da kawowar dare ta tsaya. A dare na biyar yaron ya leƙa da ƙaramar tocila, ya ga kai kawai ya fito daga ƙofar kasko, harshe na ta fita yana komawa. Wannan ita ce kwanciyar farauta. Haka take yi a bakin rami tana jiran abin da zai gitta.

Dare na bakwai aka yi tayi, ta matso, ta shinshina, ta koma. Yaron ya karaya. Amma uban ya taɓa ɓeran da bayan hannunsa, karo na farko a rayuwarsa da ya yi haka da son ransa, ya ji shi da sanyi kamar tsumma. A nan suka tuna da wani bayani da suka yi sakaci da shi. A leɓen wannan mesa na sama akwai jerin ƴan ramuka da take jin ɗumin jikin dabba da su, ko a cikin duhu. Ɓeran da bai kai ɗumin mai rai ba, wato digiri 37 ko sama kaɗan, a wurinta ba abinci ba ne. Suka jefar da shi, suka jira wasu kwana biyar. Wani abokin yaron ya ba da shawara a saka mata ɓera mai rai. Lokotoron ta hana: ɓeran da maciji ya ƙi ci yana iya juyowa ya gwaguye shi har ƙashi, kuma ta sha ɗinke irin wannan rauni.

A karo na gaba suka bi komai a tsanake. Suka zaɓi ɓeran da kaurinsa bai wuce kaurin tsakiyar jikinta ba, nauyinsa wajen kashi 10 cikin 100 na nauyinta. Suka bar shi ya narke sarai, suka sa shi cikin leda a ruwan ɗumi, suka ƙara ɗumama kansa da na'urar busar da gashi a kusa da akwatin, don ƙanshin ya riga isa. Bayan lisha, an kashe fitila sai ɗan hasken da ke shigowa daga zaure, yaron ya riƙe ɓeran da dogon hantsaki, yana ɗan motsa shi a ƙasa, tazarar ɗan yatsa daga ƙofar kasko. Minti ɗaya, biyu, babu motsi. Sai kamar ƙiftawar ido, ta kai cafka, ta naɗe shi. Yaron ya saki hantsakin, ya mai da murfi a hankali, su biyu suka fita da sanɗa kamar ɓarayi. A zaure suka tsaya suna kallon juna. Uwar gida, wadda ta ce ba ruwanta, tana bakin kicin tana tambaya ƙasa-ƙasa: "Ta ci?" Kwana 61 ke nan da shigowarta gidan.

Kada mai karatu ya zaci wahala ta ƙare a nan. Bayan ci uku lafiya, kowane kwana bakwai, yaron ya yi gaggawa. Ya ba ta ɓera mafi girma don ta mai da abin da ta rasa, washegari kuma ya ɗauko ta don ya nuna wa ƙanwarsa yadda cikinta ya cika. Da yamma ta amayar da shi, wari ya cika ɗaki. Ka'ida ita ce ba a taɓa maciji sai bayan awa 48 da cin abinci. Amai kuwa ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa, domin ruwan ciki mai kaifi yana ƙona maƙogwaro. Dole a huta sati biyu kafin a sake tayi, kuma a fara da ƙaramin ɓera. Suka bi haka, aka wuce lafiya. A watan Janairu ta sake ƙin ci, launinta ya dusashe, idanunta suka yi fari-fari kamar mai yana. Wannan karon ba wanda ya firgita. Saɓa ce ke tafe, kuma macizai da yawa ba sa ci a lokacin. Suka ƙara danshi, suka sa jiƙaƙƙen gansakuka a kasko. Bayan kwana goma ta tuɓe rigarta ɗungurungum, tun daga hanci har wutsiya, har da murfin idanu. Saɓar da ta fita guntu-guntu alama ce ta bushewar iska. Wadda ta fita gaba ɗaya shaida ce ɗaki ya yi daidai.

Uban, da yake aikinsa lissafin kuɗi ne, ya buɗe mata kundi: kwanan wata, nauyi, abin da ta ci, ranar kashi, ranar saɓa, zafi da laima. Da wannan kundi suka gane bambancin ƙin ci mai hatsari da marar hatsari. Babbar mesa, musamman namiji, tana iya yin watanni ba ta ci ba, galibi daga ƙarshen shekara zuwa farkon wata, nauyinta bai ragu da yawa ba. Lokacin ne na barbara a ƙasarta ta asali, da rani. Amma ƙarama ba ta da kitsen da za ta yi wannan azumi, kuma idan ta rasa kashi 10 cikin 100 na nauyinta, lokotoro ake nema. A saman shafin farko uwar gida ta sa aka rubuta a wanke hannu da sabulu bayan kowace taɓawa, saboda ƙwayar salmonela da masu jan ciki ke ɗauke da ita. A wannan kam likitoci suna bayanta.

Cikin karance-karancensa uban ya gano abin da bai sani ba game da gida. Wannan ƴar dabba haja ce babba. Tana cikin rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES, wadda aka sa wa hannu a Washinton a 1973, wato ana iya cinikinta amma da takarda da ƙayyadadden adadi. Fiye da miliyan 3 aka fitar daga Benin, Togo da Gana cikin ƴan shekaru gommai, mafi yawa zuwa Amurka. Mafarauta kan haƙa ramuka da rani su kwaso mata masu ciki da ƙwai, a ƙyanƙyashe a gidajen kiwo, a sa jariran a jirgin sama. Uwa ɗaya ba ta cika yin ƙwai fiye da goma ba, kuma tana naɗe da su wata biyu ba ta cin komai. Yawan kwasar ya sa masana kare halittu suka shigar da ita cikin jerin dabbobin da ke dab da shiga barazana. Manomi ma yana da asara a ciki, domin abincinta ɓerayen gona ne masu ɓarnar hatsi. Jariran da aka kwaso daga daji su ne suka fi ƙin ci da mutuwa a hannun masu saye, shi ya sa masu sani ke neman wadda aka ƙyanƙyashe a gida, kuma suna tambayar ta ci sau nawa kafin a sayar.

Akwai gargaɗi da ya wajaba a nan. Wannan labari ba izini ba ne ga yaro ya ga ƙaramin maciji mai zane a gona ya ce mesa ce ya kai hannu. Kububuwa ƙarama ce, tana da zane, tana naɗewa ita ma, kuma tana cikin macizan da suka fi kashe mutane a ƙasashen Sahel. Kasa ma gajera ce mai kauri. Gardawan da ke wasa da macizai a kasuwa sana'arsu ce, kuma su ma ana sarar su. Uban da kansa, da ya koma ƙauye hutu, bai bar sandarsa ba idan zai ratsa gona.

Shekara ta zagayo, baƙuwa ta haura giram 500, ta koma babban akwatin, wanda aka cika shi da maɓoya. Wata rana suna wanke kwanon ruwa, uban ya ba ɗansa labarin da bai taɓa ba shi ba: damina ta farko da ya yi kewarta, da sanyin farko da ya yi a Faransa. Ɗakinsa a bene na shida, ba labule, ba wanda ya sani, kowa na kallonsa a hanya. Abinci na nan a kantin jami'a, da arha, amma ba ya wucewa. Cikin wata uku wandonsa ya daina zama a ƙugu. Sai da wani dattijo ɗan Damagaram ya ɗauke shi ya ba shi ɗan lungu a gidansa, mai ɗumi, mai ƙofar rufewa, sannan ya fara cin abin da a da yake turewa. Yaron ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi tambayoyi, wasu da Hausa.

Saura lissafi guda da ke damun mai lissafi. Wannan mesa tana yin shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kula, wasu har fiye. A shekarar 2020, wata da ke gidan namun daji na Sen Luwis a Amurka ta yi ƙwai bakwai tana da wajen shekara 62. Nan da shekara biyu yaron zai tafi jami'a, kuma ɗakunan ɗalibai ba sa karɓar maciji. Uban ya daɗe yana shirin komawa Tasawa idan ya yi ritaya. Ya kawo maganar a wurin cin abinci, yaron ya ce zai nemi ɗakin haya da za a yarda masa. Uwar gida ta ce kafin a samu ɗakin, ita dai ba za ta taɓa ɓera ba, amma ruwan kwano ba ya gagarar ta. Uban ya jawo kundi, ya rubuta nauyin wannan sati, ya tashi ya je ya fito da ɓera daga firigo, domin daren Lahadi ne, ranar ci.